Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Hana Nasarawa United Sayen Manyan 'Yan Wasa?

TAMBAYA: Ni mazaunin Bukan Sidi ne a garin Lafiya, kuma tun ina ɗan makaranta nake bin Nasarawa United. Kullum sai mun yi musu da abokaina a gidan kallon ƙwallo. Ni a ganina, da gwamnati za ta saki kuɗi a ɗauko manyan 'yan wasa biyar ko shida daga Enyimba da Rivers United, da an wuce wurin, kofi ya zo Lafiya. Me ya hana? Sannan masu sharhi suna yawan cewa ƙungiya kaza "ba ta da benci". Ina ruwan benci da cin kofi, alhali mutum 11 ne ke shiga fili?
Daga wani mai karatu, Lafiya.

AMSA: Malam, kafin mu je kasuwa bari mu fara leƙa rumbun gida, don mu san abin da ya ƙare da abin da bai ƙare ba.

A kakar 2019 Sunusi Ibrahim na Nasarawa United ya ci ƙwallo 10, ya raba kambun wanda ya fi zura ƙwallo a gasar Firimiyar Najeriya da Mfon Udoh. A kakar 2021 Silas Nwankwo ya ci 19, daidai da Charles Atshimene na Akwa United, babu wanda ya wuce su. A kakar 2024/25 Anas Yusuf ya ci 18, ya ɗauki takalmin zinare. Sau uku ke nan cikin shekara bakwai wanda ke kan gaba wajen cin ƙwallo a ƙasar nan yana sanye da rigar Lafiya. Babu ɗaya daga cikinsu da aka ɗauko da buhun kuɗi a matsayin tauraro. A nan suka yi suna. To ka ga ƙungiyar da ke fitar da irin waɗannan ba rashin gwani ne ciwonta ba. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: ina suke tafiya, me ake samu idan sun tafi, kuma wa ke tsayawa a gurbinsu?

Sunusi ya koma Montréal ta Kanada a 2021. Silas ya tafi Mjällby ta Suwidin a 2022. A shekarar 2023 kuwa Nasarawa United ta faɗi daga Firimiya, sai a 2024 ta dawo. Ban ce tafiyar mutum ɗaya ce ta jefar da ƙungiyar ba, ƙwallo ba ta da sauƙin lissafi haka. Amma ka lura da tazarar: ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Benin a 2021 ita ce ta sauka rukuni na biyu bayan shekara biyu kacal.

Yanzu batun kuɗi. Idan aka ce a yi gasar zuba kuɗi da Rivers United, an riga an faɗi tun ba a fara ba. Ita ma ta gwamnati ce kamar tamu, amma gwamnatin jihar mai, wadda ke karɓar kason kashi 13 na arzikin man da ake haƙowa a ƙasarta. Da ta ci gasar 2022, gwamnan jihar na lokacin, Nyesom Wike, ya sanar da kyautar dala dubu 20 ga kowane ɗan wasa. Enyimba ta Aba kuma tana da abin da ya fi kuɗi jan hankalin yaro: ta ci gasar sau tara, ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, kuma sau da yawa tana da wasan waje da dillalan Turai da Arewacin Afirka ke kallo. Idan ka ƙara wa ɗan wasa dubu ɗari a kan albashinsa don ya baro Aba, su ma za su iya ƙara masa dubu ɗari biyu ya zauna. Wanda ya fi ka aljihu, duk tayin da ka yi shi ka ɗaga wa farashi, kai kuma ka koma gida da ragowar kasuwa a kan kuɗin tsada.

Akwai kuma abin da kallon Firimiyar Ingila ya ruɗe mu a kai. Can idan an ce an sayi ɗan wasa, kuɗi ne ƙungiya ke biyan ƙungiya, kamar fam miliyan 115 da Chelsea ta ba Brighton a kan Moisés Caicedo a 2023. A nan gida, yawancin masu sauya ƙungiya kwantiraginsu ne ke ƙarewa, sau da yawa na kaka ɗaya ko biyu, su ɗauki jakarsu su yi gaba. Abin da ake ciniki a kai shi ne kuɗin sa hannu da albashi da alawus. Saboda haka kasuwarmu ba ta wanda ya fi iya saye ba ce, ta wanda ya fi iya riƙewa ce. Kuma a gasar da aka sha jin 'yan wasa suna kukan bashin wata da watanni, labarin ƙungiyar da ke biya a kan kari yana yawo cikin wayoyin 'yan wasa fiye da duk wata talla. Ɗan wasa mai iyali zai zaɓi ƙaramin albashin da ke shigowa ranar da aka ce, a kan babba wanda ke rubuce a takarda kawai.

Ko da kuɗin ya samu, ba shi ke buga ƙwallon ba. Chelsea ɗin da na ambata, bayan da sababbin masu ita suka karɓe ta a 2022, ta yi ta jidar 'yan wasa kamar mai tara itacen damina, ta kuma ƙare kakar 2022/23 a mataki na 12.

To mu zo kan benci, wanda a ganina shi ne zuciyar tambayarka.

Gasarmu ƙungiya 20 ce, wasa 38 kowacce, ban da na kofin ƙalubale. Ka ɗauki mako guda kawai. Ranar Lahadi an buga wasa a filin Lafiya da rana tsaka, cikin zafin nan da ka sani. Akwai wani wasan a Fatakwal tsakiyar mako. Motar ƙungiya ta kama hanya da asuba: Makurɗi, a haye gadar Binuwai, Otukpo, Inugu, Aba. Ɗan baya mai tsayi yana naɗe a kujera, gwiwarsa na dukan bayan kujerar gaba, idon sawunsa da aka taka ranar Lahadi ya kumbura, ƙanƙarar da aka ɗaura masa a leda ta narke tun kafin Aliade. A sauka da dare, a ci abin da aka samu, gobe a motsa jiki, jibi a shiga fili. A dawo ta hanyar da aka bi, wani wasan na jira. Ka maimaita wannan daga farkon kaka zuwa ƙarshenta, ka haɗa da zazzaɓin cizon sauro, da katin gargaɗi da ke taruwa har a dakatar da mutum, da rasuwa ko haihuwa a gida. Babu mutum 11 da za su ɗauki wannan kayan su kaɗai, ko da ƙarfe aka ƙera su.

Idan masu sharhi suka ce ƙungiya tana da benci, ba yawan kawuna suke nufi ba. Kana iya yi wa mutum 35 rajista kuma ba ka da benci. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin mai riƙe da gurbi da wanda zai gaje shi. Idan golanka na ɗaya ya ji ciwo, na biyun ya shiga, shin 'yan kallo za su ci gaba da cin gyaɗarsu ne, ko za su fara salati duk lokacin da aka ɗaga ƙwallo sama? Tun da aka koma canjin mutum biyar a wasa maimakon uku, wannan tazara ta ƙara tsada. Mai arziki yana iya sauya kusan rabin 'yan wasansa a minti na 60, ya sako sababbin ƙafafu a kan gajiyayyun naka. Na taɓa zama kusa da bencin wata ƙungiya, ba zan faɗi sunanta ba, ana cin su ɗaya saura minti 20. Kocin ya waiwaya ya dubi yaran da ke zaune, ya daɗe yana duban su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ya ci gaba da kallon fili, hannu a aljihu. Bai yi canji ba har aka tashi.

Shi ya sa ƙaramar ƙungiya ta fi haskawa a kofin ƙalubale, inda wasa ɗaya ke raba gardama. Nasarawa United ta kai wasan ƙarshe a 2016, FC Ifeanyi Ubah ta doke ta a bugun fenariti a Legas. Ta sake kaiwa a 2021, Bayelsa United, wadda a lokacin tana rukuni na biyu, ta doke ta, ita ma a fenariti. Mutum 11 masu zuciya suna iya kai ka can. Gasar maki kuwa doguwar tafiya ce, ba ta san zuciya kaɗai ba.

Na san abokanka za su kawo maka Leicester, don duk musu irin wannan a can yake ƙarewa. Gaskiya ne ta ci Firimiyar Ingila a 2016 da Vardy da aka saya fam miliyan 1 daga Fleetwood, da Mahrez da bai kai rabin miliyan ba, da Kanté na ƙasa da miliyan 6. Amma a kakar ba ta da wasan Turai, yawanci sau ɗaya take wasa a mako, kuma Allah ya tsare manyanta daga ciwo. Kaka ta gaba Chelsea ta ɗauke Kanté, wasannin zakarun Turai suka ƙaru, ta sayo sababbi har da namu Ahmed Musa, aka sallami koci Ranieri a watan Fabrairun 2017, ta ƙare ta 12.

Misalan da suka fi amfanar Lafiya suna kusa. A 2016, bayan Nasarawa United ta zo ta uku a gasar 2015, ta shiga kofin ƙalubale na Afirka, ta fitar da wata ƙungiyar Senegal mai suna Génération Foot kafin CS Constantine ta Aljeriya ta tsayar da ita. Mun fi 'yan Senegal ɗin a fili. Sai dai ita Génération Foot makarantar renon 'yan wasa ce da Mady Touré ya kafa a 2000, tana da yarjejeniya da Metz ta Faransa, kuma daga cikinta Sadio Mané da Ismaïla Sarr suka fito. Ita ta san tun farko cewa yaranta tafiya za su yi, don haka ta gina harkarta a kan tafiyar. A nan gida ga Remo Stars ta Kunle Soname a Ikenne: ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, zakara a 2025, duk a hannun koci ɗaya a kakanni ukun ƙarshe, Daniel Ogunmodede, ga makarantar Beyond Limits tana ciyar da ita yara. Kada a ce Remo talaka ce, mai ita attajiri ne. Abin dubawa shi ne inda ya zuba kuɗin: fili, masauki, yara, da haƙurin barin koci ya yi aikinsa.

Kai ɗan Lafiya ne, ka san manomin riɗi. Wanda buƙata ta matsa wa yakan kai kasuwa da kaka, lokacin da kowa ya kawo, ya sayar a wulaƙance. Dillali ya zuba a sito, ya jira wata huɗu, ya ci ribar gumin wani. Ƙungiyar da ta bar kwantiragin gwaninta ya zo ƙarshe ita ce wannan manomin, har ma ta fi shi asara, don wani lokacin ko kuɗin buhu ba ta samu. Da ni ake shawara, kuɗin manyan 'yan wasa shidan da kake so a ɗauko, ga inda zan karkatar da shi. Duk yaron da aka ga alamar haske a tare da shi, a ba shi kwantiragin shekara uku tun kafin sunansa ya fita, da ƙarin albashi a rubuce idan ya cika wasa kaza ko ƙwallo kaza, don kada ya ji an ɗaure shi. Idan masu saye suka zo, kada a tsaya kan kuɗin hannu kawai, a rubuta kaso daga cinikinsa na gaba. Kuma a ajiye takardun kowane yaro da kyau, domin dokar FIFA ta ware kashi 5 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kuɗi ne halal da ƙungiyoyin Afirka da yawa ke bari a ƙasa saboda rashin rajista mai tsabta.

Ragowar kuma a kashe shi a wuraren da ba a yi wa tafi: likita da mai gyaran jiki na dindindin, mota mai sarari, kwana ɗaya na ƙari a masauki kafin wasan nesa, da mutum biyu ko uku da aikinsu kawai yawon kallon yara a Keffi, Akwanga, Doma, Nasarawa Eggon da filayen makarantun Lafiya. Na san wannan ba ya faranta ran ɗan siyasa. Gabatar da sabon tauraro ana ɗaukar hoto. Ba wanda ke ɗaukar hoton albashin likita. Nan ne ma babbar matsalar ƙungiyoyin gwamnati take, don shugabanninsu kan zo da naɗi su tafi da naɗi, wanda bai san ko zai kai baɗi ba kuwa ba zai dasa mangwaro ba.

Wannan ba ya nufin kada a sayi kowa. A saya, amma gurbi ake saya wa mutum, ba suna ba. Gola na biyu da za a iya dogara da shi, ɗan baya da ke iya buga tsakiya da gefe, tsohon hannu ɗaya a tsakiyar fili wanda ya san yadda ake kashe wasa a Aba ko Uyo idan ana neman maki ɗaya. Irin waɗannan ba su da tsadar mai cin ƙwallo, kuma manyan ƙungiyoyi kan sake su duk ƙarshen kaka.

An kafa Nasarawa United a 2003, zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, kuma a 2006, tana da shekara uku, ta zo ta biyu a ƙasar nan bayan Ocean Boys. Enyimba na nan a lokacin, da kofunan Afirka biyu a kabad. Don haka idan kun koma gidan kallo ranar Asabar, kafin a tada janareta, ka ce wa abokanka kowa ya lissafo 'yan wasan da suka fara wasan farko na kakar bara, sannan ku ƙirga nawa ne har yanzu suke Lafiya, nawa suka tafi, kuma a cikin waɗanda suka tafi nawa ne kuka ji an ce an biya ƙungiyar kuɗinsu. Ka rubuto mini abin da kuka samu.