Filin Shawara: Shara a Tsaye da Tsohon Ciki

Anti, cikina wata 7 ne, kuma sharar tsakar gida a duƙe tana neman karya mini ƙugu. Maigida ya sayo mini burushin shara mai faɗi da doguwar sanda, amma Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce sharar tsaye ganda ce, ba ta fita. Ba na son in yi musu da ita. Yaya zan yi?
Amarya, Funtuwa

'Yata, Allah ya raba lafiya. Ki daina wannan doguwar duƙawar. Nauyin ciki ya riga ya ja ƙugunki gaba, jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi kuma sukan saki a irin wannan lokaci, don haka ba raki kike yi ba.

Sai dai maganar Hajiya tana da tushe. In tsakar gidanku ƙasa ce ko yashi, burushi mai faɗi ba zai yi miki aiki ba: turɓaya zai tona, ya tura ta gaba. Nan wurin tsintsiyar kwakwa ne. Ki sa a ɗaure miki ita tamau a kan sanda da robar tayar keke, ki yi shararki a miƙe. In kuwa siminti ne, burushin ya fi sauri nesa ba kusa ba, muddin gashinsa mai tauri ne. Tura shi ake yi gaba kaɗan-kaɗan, ba a wurga shi hagu da dama. Mai laushin gashi na ɗaka ne, na kan tayil, kada a fita da shi waje. Sandar ta kai miki wajen haɓa, in ba haka ba duƙawar ce za ta dawo. Lungu da bayan randa kuwa sai tsintsiyar laushi, ki bar wa yara. Da hunturu ki yayyafa ruwa kafin ki fara, amma kaɗan, saboda santsi.

Kada ki ja zance da Hajiya. Maigida ya same ta cikin ladabi ya faɗa mata halin da kike ciki, ke kuma ki share wurin tas ta gani da idonta. Ita ma ta haifa, ta san zafin.

In ciwon yana sauka ƙafa, ko yana zuwa yana tafiya tare da murɗawar mara, ko kin ga jini, ki je asibiti a ranar, kada ki jira ranar awo.