Talla Ba Ta da Aljihu

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun allo a bakin iyaye, musamman a birane, duk lokacin da aka tambaye su abin da yaransu ke ci: "Likita, yaran yanzu ba sa cin tuwo. Taliyar yara ya sani, sai lemon kwali, sai biskit. Abin da yake gani a talabijin da waya ke nan, ya za mu yi?" Ana faɗar ta a kan yaron da haƙoransa na gaba suka ruɓe tun bai cika shekara huɗu ba, ana faɗar ta a kan yarinyar da gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa alhali kullum bakinta na motsi. Abin da ke ƙona ran ma'aikacin lafiya a cikin wannan magana shi ne wutsiyarta, wato "ya za mu yi", domin da ita ake wanke hannu a ɗora wa akwatin talabijin laifin abin da aka saya da kuɗin gida, aka dafa a tukunyar gida. Maganar tana da gaskiya a cikinta, shi ya sa ta fi ƙarya tsagwaronta wuyar kawarwa.

Mu fara ba ta haƙƙinta. Talla tana aiki, kuma a kan yara ta fi aiki. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa yaron da bai kai shekara bakwai zuwa takwas ba bai gane manufar talla ba. A wurinsa mai talla labari yake ba shi, kamar yadda kaka ke ba shi tatsuniya. A shekarar 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ba yara 63 'yan shekara uku zuwa biyar abinci iri ɗaya sak a ƙunshi biyu, ɗaya da tambarin McDonald's, ɗaya a farar takarda. Yawancin yaran suka ce na cikin tambarin ya fi daɗi, har da karas da madara. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, takarda ce kawai ta sauya ɗanɗano. Irin waɗannan hujjoji ne suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari tun 2010 kan taƙaita tallata wa yara abinci mai yawan sukari da gishiri da mai, sannan a 2023 ta ƙara da cewa doka ya kamata a kafa, a daina barin kamfanoni su yi wa kansu linzami. Duk wanda ya ce talla ba ta da tasiri, to ya bayyana mana dalilin da ya sa kamfanoni ke zuba mata maƙudan kuɗi kowace shekara.

Sai dai talla ba ta da aljihu. Tana iya dasa kwaɗayi a zuciyar yaro ɗan shekara biyar, amma ba ta iya zuwa shago ta sayo katan, ba ta iya kunna risho. Tsakanin allon talabijin da bakin yaro akwai hannun babba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba ma shi ne, tallar da ta fi cin kasuwa a gidajenmu su aka yi wa ita. Hoton ɗan tsana da waƙar da ke maƙalewa a kunne na yaro ne. Amma rubutun da ke jikin kwali mai cewa akwai bitamin, akwai sinadarin ƙarfafa ƙashi, yana ba da kuzari, yana buɗe ƙwaƙwalwa, wannan ba don ɗan shekara uku da bai iya karatu ba aka buga shi. Haka hoton uwa mai fara'a a tsaftataccen kicin tana miƙa wa ɗanta kofi. Saƙon shi ne: uwa ta gari, wayayya, mai son ɗanta, ga abin da take bayarwa. Da haka aka kai matsayin da uwa ke jin kunyar zuba wa ɗanta ɗanwake ko alale a kwandon makaranta kada a ce ba su waye ba, ta gwammace ta saka biskit da lemon kwali. Yaron bai yaudari kowa ba. Babban aka fara yaudara.

A nan zan tsaya in daɗe, domin idan mai karatu zai ɗauki abu ɗaya daga wannan shafi, to ya ɗauki wannan: sukarin da ake sha ya fi kowane irin kayan ƙwalama ɓarna ga yara, kuma shi ne wanda iyaye suka fi ba su da zuciya ɗaya. Yawancin lemon kwalba mai gas na ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan robar rabin lita tana da kusan giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi goma sha biyu. Babu uwar da za ta zauna ta ɗura wa ɗanta cokali goma sha biyu na sukari a baki, amma ana yin hakan kullum da sunan sanyaya maƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a rana, kuma ya fi kyau ya sauka ƙasa da kashi 5, wanda ga babban mutum bai wuce giram 25 ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya sun sa iyakar yaro ɗan shekara huɗu zuwa shida a giram 19, ɗan bakwai zuwa goma a giram 24. Roba ɗaya ta ninka wannan. Kada kuma hoton lemo da mangwaro a jikin kwali ya ruɗi kowa: da yawa daga cikinsu ruwa ne da sukari da kala da ƙamshi, ruwan 'ya'yan itacen da ke ciki ɗan kaɗan ne. Haka abubuwan sha masu kamar madara da ake sayar wa yara a ƙananan robobi. Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ana jera kayan haɗi a jikin kwali ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, don haka idan ruwa ne a farko sukari na bi masa, an gama magana. A duba giram ɗin sukari a raba shi huɗu, a sami yawan cokali. Kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya, zoɓo da kunun aya da shayin da aka cika wa sukari har cokali na tsayawa su ma sahu ɗaya suke, ko da a gida aka haɗa su. Yaron da bai kai shekara biyu ba kuwa babu ruwansa da sukarin ƙari ko kaɗan, balle a zuba masa lemo a bulumboti ya kwana yana tsotsa, wanda shi ne babban abin da ke cinye haƙoran gaba.

Wani zai ce wannan ciwon masu kuɗi ne, mu a Arewa yunwa ce damuwarmu, ba ƙiba ba. Wannan tunani shi ne ya sa lamarin ya fi haɗari a wurinmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 57. Kashi 68 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini. Cikin yaro ƙarami ne. Duk gurbin da biskit da lemo suka cike, gurbin wake ne da ƙwai da gyaɗa da nono da ganye. Taliyar yara fulawa ce da mai da gishiri. Tana kashe yunwa, ba ta gina jiki. Shi ya sa ake ganin yaro kumatu cike, iyaye na murna wai ya yi ɓul-ɓul, gwaji kuma na nuna jini ya yi ƙasa. Ƙiba ba shaidar lafiya ba ce, ƙoshi kuma daban yake da ciyarwa.

Uzuri na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a raina shi ba: tsadar rayuwa da ƙarancin lokaci. Uwar da za ta fita aiki da sassafe, ga tsadar gas da gawayi, tana da hujja idan ta zaɓi abin da zai dahu cikin minti biyar. Amma a lura, wannan hujja tana kare taliya ne kawai, ba ta kare lemon kwali da alewa, waɗanda ƙarin kashe kuɗi ne a kan abinci. Gidan da ke iya sayen lemo kullum yana iya sayen ƙwai ko ƙosai ko awara ko gyaɗa da kuɗin. Taliyar ma ana iya rage mata sharri: a zuba rabin sinadarin ɗanɗanon da ke cikin ledar, a fasa ƙwai, a yanka kabeji ko karas ko a watsa zogale, kuma ta zama ta wani lokaci, kada ta zama ta safe da dare. Dafaffen wake yana kwana, kunun gyaɗa ba ya cin awa guda, dankalin Hausa da ƙuli-ƙuli ba sa buƙatar firji.

Sai uzuri na uku, wanda ya fi kowanne yawo: "Idan ban ba shi ba, ba zai ci komai ba." Yaro mai lafiya ba ya kashe kansa da yunwa a gaban abinci. Abin da ke faruwa shi ne ya gano cewa idan ya ture kwano ya yi birgima, za a aika shago. Ƙa'idar da masana ciyar da yara suka daɗe suna koyarwa ita ce raba aiki: babba ne ke yanke abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci, yaro kuma shi ke yanke ko zai ci da yawan da zai ci. Ba ɗure, ba duka, ba kuma dafa wani abu na daban. Idan ya ƙi, a ɗauke kwano ba tare da faɗa ba, a jira lokacin ci na gaba, kuma kada a cike tsakanin da kayan zaƙi. Sabon abinci kan buƙaci a gabatar da shi sau goma ko fiye kafin yaro ya karɓe shi, amma yawancin iyaye kan sallama da wuri. A daina kuma cewa "cinye tuwonka in ba ka alewa", domin darasin da yaro ke ɗauka shi ne tuwo horo ne, alewa lada. Wanda wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba shi ne yaron da ke ramewa, ko mai yawan gudawa da amai, ko mai wahalar haɗiya, ko wanda nauyinsa ya tsaya a katin awo. Wannan asibiti za a kai shi, ba a gwada masa haƙuri.

Ba kuma iyaye mata kaɗai ake magana da su ba, ko da yake su ake tsarewa da tambaya a asibiti. Maigidan da ba ya shigowa da dare sai da ledar biskit da lemo, wai tsaraba, shi ne babban wakilin kamfani a gidansa, kuma ba a biyansa ko sisi. Tsarabar ayaba ko kankana ko gwaiba ko tsire ba ta rage masa daraja a idon 'ya'yansa. Uban da ke kora kowace loma da lemon kwalba ba shi da bakin hana ɗansa, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakanni da 'yan uwa da ke nuna ƙauna da alewa a yi musu bayani cikin ladabi, a nuna musu abin da za su riƙa kawowa. Makarantu ma suna da nasu kason, musamman masu zaman kansu da ke koyar da darasin abinci mai gina jiki a aji, sannan su buɗe shagon kayan zaƙi a harabarsu suna karɓe kuɗin taran yara. Wannan magana ce da ta kamata ta taso a taron iyaye da malamai, kamar yadda ake tayar da ta kuɗin makaranta.

To, ina hukuma? Nauyinta na nan, kuma ba ta sauke shi ba. Lardin Kebek na Kanada ya hana yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 13 talla tun 1980. Ƙasar Chile ta fara aiki da wata doka a 2016 wadda ta tilasta buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban duk kayan da sukari ko gishiri ko mai ya yi wa yawa, ta hana sa musu hoton 'yan tsana da kyautar kayan wasa, ta kuma hana sayar da su a makarantu. Binciken da ya biyo baya ya nuna sayen abubuwan sha masu yawan sukari ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A Najeriya dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da ke da sukari, adadin da hauhawar farashi ta mayar abin dariya. Hukumomi irin su NAFDAC da ARCON suna da hurumin sa ido kan abin da ake rubutawa a kwali da abin da ake faɗa a talla, kuma ya dace a matsa musu su yi fiye da haka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma doka kan ɗauki shekaru, yaro kuma ba ya jira. Ɗanɗanon da harshensa ya saba da shi kafin ya shiga firamare shi zai bi shi har girma, haƙorin dindindin da ya ruɓe kuwa ba ya sake tsirowa.

Saboda haka abin yi a gida a bayyane yake. A daina ajiye katan ɗin lemo da biskit, don abin da babu shi a ɗaki ba a rigima a kansa. Ruwa ya zama abin sha na kullum, lemo ya koma na sallah da biki. A kashe talabijin a ajiye waya lokacin cin abinci. Ɗan ƙasa da shekara biyu ba ya buƙatar allo, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. A maye gurbin kuɗin tara da abin da aka ƙunsa daga gida. Yaron da ya kai bakwai ko takwas a zauna da shi idan talla ta zo, a tambaye shi wa ya biya kuɗinta, me suke so ya yi, a ba shi kwalin ya lissafa cokulan sukari da kansa. Makon farko za a sha kuka, wataƙila har na biyu. Duk wanda ya ji zuciyarsa na neman karaya, ya tuna cewa kamfanin da ya yi tallar ba zai zo ya riƙe masa yaron ba ranar da za a cire haƙori.