Kusu marar gashi

Yara, cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta. Ɓargo ne ke yin su. Amma wasunsu sai sun je wata ƴar tsoka da ke cikin ƙirji, bisa zuciya, sun koyi aikinsu. Sunanta timus. Ita ce lakwal ɗinsu.

A shekarar 1962, a wani asibiti na birnin Gilasgo, ƙasar Birtaniya, aka ga ɗan kusu tsirara, ba gashi. A 1968 aka gane timus ma ba shi da ita. Ƙwayoyinsa ba su da wurin koyo, cuta kaɗan sai ta kada shi. Shi ya sa masu bincike ke tsabtace ruwansa da abincinsa da kejinsa.

Abin gado ne. In uwa kaɗai ta ba shi lalatacciyar ƙwayar gadon, zai yi gashi, ya zauna lafiya. Sai in uba ma ya ba shi irinta. Abin mamaki, ƙwaya guda ce ke hana gashin da timus duka.

In aka dasa masa timus ta wani kusu, ƙwayoyinsa sukan koyi yaƙi. Gashi kuwa ba ya fitowa.

Tambaya: Mi ya sa ake tsabtace abincin wannan kusu?