Daga Cikago zuwa Toda: shawarwari bakwai ga magidantan Dakoro

Ranar 14 ga Oktoban 2023, mako guda da ɓarkewar yaƙin Gaza, wani tsoho mai shekara 71, Joseph Czuba, ya daɓa wa Wadi'a Al-Fayumi wuƙa har sau 26 a wani gari kusa da Cikago ta Amurka. Yaron shekararsa shida, Bafalasɗine Musulmi, kuma haya suke yi shi da mahaifiyarsa a gidan tsohon. Masu gabatar da ƙara sun ce mutumin ya yi ta sauraron maganganun rediyo a kan yaƙin har ya fara kallon ƴan hayarsa a matsayin abokan gaba. A 2025 kotu ta ɗaure shi shekara 53.

Duk wanda ya ji ya yi Allah wadai, kuma daidai ne. Sai dai mu mutanen jihar Maraɗi muna da namu tabon. A ƙarshen Oktoban 1991, a Toda, wajen Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani sama da ɗari, akasarinsu mata da yara. Waɗanda suka aikata kuwa a cikin gidaje irin namu suka tashi, shi ya sa gyaran daga gida zai fara.

1. A kula da baki a gaban yara. Shanu sun shiga gonar hatsi ana gab da girbi, maigida ya dawo ransa a ɓace, ya zauna kan tabarma yana cewa, "Ai mutanen nan duk halinsu ɗaya." Uwargida ta amsa daga bakin murhu. Yaro ɗan shekara bakwai yana gefe yana lasar kwano, babu wanda ya lura da shi, alhali ya haddace. Gobe shi ne zai jefi ƴar mai tallar nono da hoge. In mutum ya yi maka ɓarna, kira sunansa, ka faɗi abin da ya yi, ka bar ƙabilarsa ta huta. A rugga ma haka: manomi ɗaya da ya cinye burtali ba shi ne Hausawa duka ba.

2. Hotunan Gaza da ke yawo a salula ba na ƙananan yara ba ne. Gawar jariri a ƙarƙashin ɓaraguzai babba ma tana hana shi barci. In yaro ya riga ya gani, a zaunar da shi a yi masa bayani gwargwadon hankalinsa: ana zaluntar mutane, muna yi musu addu'a, muna taimakawa da abin da ya sawwaƙa. A kuma fayyace masa cewa ma'aikacin asibitin nan Kirista da ke haya a unguwarmu ba shi ya jefa bam ba. Ba mu manta Janairun 2015 ba: zanen ɓatanci aka buga a Faris, amma coci-cocin Damagaram da Yamai aka ƙona, mutum goma suka rasu, a nan ƙasarmu.

3. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba, yana cewa "wasu" na shirin kawo hari ko sun sa guba a rijiya, kada a tura shi gaba. A tambayi maigari ko jandarmomi tukuna.

4. In ɗanka ne ya dawo daga lakwal ko makarantar allo yana kuka an zage shi da asalinsa, kada ka ce masa "kai ma rama", kada kuma ka ce "ba komai". Saurare shi ya gama, ka tambayi wane ne, a ina, wa ya gani. Washegari ka je da ƙafarka wajen malami ko shugaban makaranta. In an ji masa rauni, asibiti ne farko, a karɓo takardar likita, domin ita ce shaida in magana ta kai gaban hukuma.

5. In kuma naka ne mai tsokanar, a nan ake gane iyaye. Galibinmu dariya muke yi mu ce yarinta ce. Kama hannunsa ka kai shi gidan da ya yi wa laifi, ya ba da haƙuri a gabanka, ka biya ƙwaryar da ya fasa. Kunyar wannan tafiya ta fi bulala tasiri.

6. Dakoro tana daidai inda noma da kiwo suka haɗu, ga gonaki ta kudu, ga kwarin Tarka da makiyayar arewa, saboda haka ɓarnar gona ba za ta ƙare ba. Amma ku dubi wanda ake tararwa a bayan garken: sau da yawa yaro ne ɗan shekara goma da sanda da gorar ruwa, wanda barci ya sace da rana tsaka. Kada a doke shi, kada a ɗaure shi. A kira shaidu su ga ɓarnar tun sawun dabbobi bai ɓace ba, a sanar da maigari da arɗo, in ba a daidaita ba a kai wa hukumar kula da filaye, wato Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada. Gero ana ƙiyasta shi a biya. A gaya wa samarin gida wannan tun kafin kaka, don su ne ke fara zare adda.

7. A koya wa yara taubasantaka da iyakarta. Wasan Bafulatani da Babarbare, ko na Bagobiri da Bazabarme, dukiya ce da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Sharaɗinta dai kowa ya yi dariya. In ɗaya ya sunkuyar da kai ya bar wurin, babba da ke kusa ya tsawatar nan take, ko da ɗan wane ne.