An Sallami Mai Gadi: Shin Fedora Ta Yi Daidai Da Ta Cire TCP Wrappers?

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan kimiyyar kwamfuta masu shirin furojet ko fita SIWES, akwai wata dabara da har yau take yawo a tsofaffin littattafai. Wai idan kana son kulle sabarka ta Linux, ka rubuta ALL: ALL a cikin /etc/hosts.deny, sannan ka jera adireshin da ka amince da su a /etc/hosts.allow. To, a nau'o'in Linux da dama na yau, wannan rubutun ko ƙuda ba ya hanawa shiga.

Fayilolin nan biyu na wata manhaja ce mai suna TCP Wrappers. Wietse Venema ne ya rubuta ta a 1990 a jami'ar fasaha ta Eindhoven da ke Holan, lokacin da wani mai kutse ya addabi kwamfutocinsu. Aikinta irin na mai gadi ne: baƙo ya ƙwanƙwasa, a duba adireshinsa a jeri, a buɗe masa ko a kore shi, a kuma rubuta cewa ya zo. A zamaninta ta yi rana ƙwarai. Amma Arch Linux ta yar da ita a 2011, OpenSSH ta cire ta a siga ta 6.7 a 2014, Fedora ta zare ta daga manhajojinta a Fedora 28 a 2018, RHEL 8 kuma ta fito a 2019 babu ita.

Me ya yi zafi? Siga ta ƙarshe, wato 7.6, ta fito ne a 1997, kafin a haifi yawancinmu. Tun daga nan faci ake ta yi mata, har IPv6 ma da faci aka liƙa. Sannan ba gidan gaba ɗaya take tsarewa ba, sai manhajar da aka haɗa da laburarenta mai suna libwrap. Wadda ba a haɗa ba, ko shafi goma ka cika a hosts.deny, ba ruwanta. Kuma sai baƙo ya riga ya ƙulla haɗi da sabar kafin a tambaye shi ko shi wane ne, alhali katangar tsaro irin su nftables tun a ƙwayar tsarin take watsar da saƙonsa, manhajar ba ta ma san ya zo ba.

Akwai wata hujja da ta fi kama hankalina. Duk laburaren da aka rataya wa sshd, ƙarin ƙofa ce. A Maris 2024 an gano wata ɓoyayyar hanyar kutse da aka dasa a xz, kuma ta kai ga sshd ne ta wani laburare da wasu nau'o'in Linux suka ƙara masa da kansu. Ba libwrap ba ce, amma kun ga irin abin da ake gudu.

Masu ƙorafi ma ba shirme suke ba. Kulle biyu ya fi ɗaya. Ran da wani ya kashe katangar da kuskure, mai gadin yana nan. Ga sauƙi, layi biyu ka gama, ba sai ka sake tayar da komai ba. Debian da Ubuntu ma sun ci gaba da liƙa wa sshd ɗinsu facin shekaru bayan OpenSSH ta daina.

A ganina Fedora ta yi daidai. Manhajar tsaro da ba mai kula da tushenta, dogaro da ita ganganci ne. Inda nake da ja shi ne yadda abin yake mutuwa shiru. Ka ɗauko tsohon hosts.deny ɗinka ka ajiye a sabon tsari, zai zauna lafiya lau, ba saƙon kuskure, ba gargaɗi, kai kuwa kana barci da tunanin ƙofa a kulle take. Haka mai amfani da DenyHosts, wadda ke zuba adireshin masu gwada kalmar sirri a wannan fayil: jerin zai yi ta tsawo, ba wanda aka kora.

Don haka idan aka damƙa maka saba a wurin SIWES, fara da wannan: ldd /usr/sbin/sshd | grep libwrap. In bai nuna komai ba, kada ka dogara da fayilolin nan. Mayar da dokokinka cikin firewalld ko nftables. A sshd_config kuma za ka iya rubuta AllowUsers admin@192.168.1.* don mutum ɗaya kawai ya shiga, daga cikin gida kawai. Kafin ka taɓa komai, bar taga ɗaya ta SSH a buɗe, kada ka kulle kanka a waje oga ya same ka kana zufa. In ka gama, ari laftof ɗin abokinka, ka hau wata hanyar intanet daban, ka gwada shiga ka gani ko za a kore ka.