Kafin Ku Sayi Gem Ɗin Hannu

'Ya'yana, na lura idonku yana kan na'urorin gem ɗin nan na riƙewa a hannu. Wasunku na tara kuɗin saye, wasu na tunanin shiga harkar sayar da su. Ba hana ku zan yi ba. Ku dai matso ku ji yadda manyan kamfanonin suka yi da farashi, don daga nan ake gane na'urar da za ta yi tsawon rai da wadda za ta mutu da ƙuruciya.

A 1989 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy, ana sayar da ita kusan dala 90 a Amurka. Fuskarta babu kala, wani kore-kore ne kawai, in ɗaki ya yi duhu ba ka ganin komai. A wannan shekarar Atari ya fito da Lynx mai kala a kan kusan dala 180, Sega kuma ya kawo Game Gear Amurka a 1991 a kan dala 150. An ce araha ba ta ado, kuma lallai Game Boy ba ta yi adon ba.

To amma ku juya bayanta ku buɗe murfin. Batir 4 take ci, ta riƙe yaro awa 15 ko fiye. Game Gear batir 6 take haɗiyewa, kafin awa 5 ta yi tsit. Uban da ya sayo wa ɗansa mai kalar bai gama biya ba ranar da ya baro kanti, kullum hannunsa na aljihu. Wanda ya jagoranci ƙera Game Boy, Gunpei Yokoi, da gangan ya zaɓi tsofaffin kayan haɗi masu sauƙin kuɗi waɗanda aka riga aka san halinsu. Da yake ta shiga gidaje da yawa, masu shirya wasanni suka yi ta tururuwa kanta. Tana shekara 7, ana cewa ta tsufa, sai ga wasan Pokémon a 1996, kasuwarta ta dawo sabuwa fil. Ita da ƙanwarta Game Boy Color an sayar da fiye da miliyan 118, ba a daina ƙera su ba sai 2003. Game Gear kuwa ko miliyan 11 ba ta cika ba.

Kada ku ɗauka Nintendo ba ya tuntuɓe. A 2011 ya ɗora wa sabuwar na'urarsa ta 3DS dala 250, ga shi wasannin da suka zo tare da ita ba su taka kara sun karya ba, wayoyin hannu kuma sun fara janye yara. Kaya suka yi kwantai. Ba a yi wata 6 ba aka zaftare farashin zuwa dala 170, ana sayarwa a kan faɗuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka yi da waɗanda suka riga suka saya da tsada: an ba kowannensu wasanni 20 kyauta, shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya rage rabin albashinsa. Ku masu son kasuwanci ku riƙe wannan. Wanda ya fara amincewa da kayanka, kada ka bari ya ji an mayar da shi wawa. Na'urar ta farfaɗo, ta kai har 2020, an sayar da fiye da miliyan 75.

Sony ya kawo Vita a kan dala 250 ɗin, na'ura mai kyan gaske. Sai dai katin memorinta nata ne ita kaɗai, babban cikinsu yana kai dala 100. Mutane suka yi lissafi suka ja baya, masu shirya wasanni suka bi su, a 2019 aka daina ƙera ta.

Akwai kuma wata mutuwar da ba a sani ba a zamaninmu. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kantin 3DS na intanet. Na'urar tana hannunka lafiya lau, amma ba sauran sayen sabon wasa ta wannan hanya, sai dai kaset.

Saboda haka in ɗayanku ya je saye, musamman ta hannu, kada ƙyalƙyalin fuska ya ɗauke masa hankali. Ya tambayi kuɗin wasa ɗaya tukuna, da na memori da caja. Ya kunna ta a gaban mai kaya, ya zauna ya ga yadda batirin yake sauka, tunda kun san halin wutarmu. Ya bincika ko kamfanin yana yi mata sababbin wasanni har yanzu. Mai sayarwa kuma ya faɗa wa yaro duk wannan tun bai ƙirga kuɗinsa ba, don Allah. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku sayi abin da zai amfane ku.