Bayan 504 Ɗina Ya Zauna

Tambaya: Peugeot 504 salun na gada daga mahaifina, haɗin Kaduna. Bayanta ya zauna, gefen hagu ya fi. Bakanike ya ce a canja shok. In yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Shok hana rawa ne aikinsa. Nauyin mota kuwa sifirin ke ɗauka, kuma na bayan 504 salun mai murɗe ne. Wataƙila shekaru da buhunan masara sun gajiyar da shi.

Fara da awo. Ajiye ta a shimfiɗaɗɗen siminti, ka kwashe kayan but, ka daidaita iskar tayoyi. Auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi, hagu da dama. Sannan ka leƙa ƙasa da tocila. Sau da yawa zoben ƙarshe na sifirin ne ya karye ya ɓuya cikin laka, ko robar da sifirin ke zama a kai ta lotse, ko tsatsa ta cinye mazaunin. Duba tayoyin baya ma: idan gefen ciki ya fi cinyewa, wataƙila zaman ne ya karkatar da su.

In sifirin ne, canja biyun tare, da na salun. Kada ka bari a gasa shi a miƙar, wuta na kashe ƙarfen. Masu cusa guntun taya tsakanin zobba kuma, Allah ya shirye su. A cire sifirin da abin matsewa, don yana iya fizgewa ya karya hannu. Kusoshin bushin da aka kwance wajen aikin kuwa, sai an sauke motar ƙasa a ɗaure su.